Gambar da Mati Ya Matsar

Tsakanin gonakin Garin Ilu da na Tudun Barau, yamma da Gumel, akwai burtali. Ba na kowa ba ne. Kakanni ne suka bar shi fili, don shanun da ake korowa daga kasuwar Maigatari zuwa kudu su wuce ba su taɓa shuka ba, garuruwan biyu kuma su huta da kai juna gaban alƙali. Kowane gefe an dasa gamba ta zama shaidar iyaka.

Gonar Mati, mutumin Garin Ilu, na gefen gabas, ta abokinsa Lado na Tudun Barau na yamma. Bayan farin da aka yi a shekarar saba'in da uku, yunwa ta koya wa Mati dabara. Ruwan farko na sauka ya tumɓuke gambarsa har saiwa, ya matsar da ita cikin burtali, ya ƙaru da 'yan kunyoyi, ya bi da shingen ƙaya. Gamba kuwa ba ta da baki. Kafin a yi noman farko ta kama, kai ka ce can ta tsiro.

Gero ya fara fitar da kai sai ga garke. Hanya ta yi wa shanu kaɗan, ga ƙaya a gabas, sai suka ɓarke yamma. Suka tattake gambar Lado, suka cinye rabin gonarsa. Masu kora suka ce ba laifinsu ba ne, an ci burtali.

Dagatan garuruwan biyu suka zo da igiyar awo. Tun da shaidar Lado ta bi ƙafar shanu, sai aka fara awo daga gambar Mati, wadda ke tsaye kore shar. Igiya ta ƙare can cikin gonar Lado.

Lado ya waiwayo. "Mati, tare muka taso. Ka san inda babana ya dasa tamu. Faɗa musu."

Mati ya tsura wa ƙasa ido. "An daɗe, Lado. Ba zan iya rantsuwa ba."

Aka sare abin da ya shiga awo. Lado ya rasa gero, ya kuma sami sunan ɓarawon burtali, har a masallaci ana nuna shi da baki.

Da kaka kunyoyin da Mati ya ƙaru da su suka yi albarka kamar da gayya. Shi dai ya tsani kansa. Ya ɗaure duk abin da suka ba shi, ya labta wa jaki, ya kai ƙofar gidan Lado, yana fatan a jefo masa dammansa a fuska.

Lado ya riƙe hannunsa da hannu biyu, idonsa ya ciko. "Duk garinku kai kaɗai ka san ban ci burtali ba. Allah ya saka da alheri. Baɗi idan za a sake dasa gamba, kai nake so ka tsaya mini a kan iyaka."

Mati ya ce to.