Bai Sunkuya a Uku Ba

Kwaɗayin a gan ka mugun ciwo ne, ya fi muni kuma idan ya kama wanda aikinsa na bayan fage ne. Shi ya kama Mai Ƙirga.

Sana'arsa tsara faɗan wasa. A dandalin wasan kwaikwayo ya faro ta, yana koya wa 'yan wasa yadda za su mari juna hannu bai taɓa kunci ba, kafin masu fim su ɗauke shi. Dokarsa ɗaya ce: kowane motsi da lambarsa. Ɗaya, ka tako. Biyu, ka ja hannu baya. Uku, abokinka ya sunkuya. Huɗu, naushi ya wuce ta saman kansa. A yi a hankali sau goma, sannan a yi da sauri. Wanda ya ƙara ko ɗaga gira a kan abin da aka ƙirga, kora ce da zagi a gaban kowa. Shekara ashirin ko haɓo ba a taɓa yi a hannunsa ba. Wannan kam a ba shi.

Ran nan surukinsa ya kawo ziyara, aka kunna masa sabon fim a falo. Tsoho ya kalla har ƙarshe, sannan ya cire tabarau.

"To, kai ina kake a ciki?"

"Baba, duk faɗan nan ni na tsara shi."

"Na ji. Amma wanne ne kai? Mai dukan ko wanda ake duka?"

Matarsa ta ce, "Baba, sunansa na tafe, ka ƙara haƙuri. Yana bayan na direba."

Aka yi dariya aka tashi, shi kuwa maganar ta tsaya masa a rai. Gandamemen mutum mai 'ya'ya biyar ya koma rina gemu, yana bin darakta kamar jela, a ba shi ko fitowa ɗaya. Da darakta ya gaji da naci, ya ba shi fitowa a matsayin ɓarawon da za a jibga a cikin sito. Mai jibgar kuwa Buhu ne, wani jibgegen ɗan wasa da Mai Ƙirga ya horar da kansa. Buhu ba shi da wayo, amma ko gini zai faɗo masa ba ya tsallake lamba.

Suka yi gwajinsu sau goma tsakanin kwalaye da tayoyi, komai daidai. Sai Mai Ƙirga ya leƙa ƙaramin allon da darakta ke duba abin da aka ɗauka. Me zai gani? Daidai inda kyamara ta matso kusa, nan yake sunkuyawa. Babu fuska, babu gemu, sai sanƙo yana ƙyalli a ƙarƙashin fitila.

Nan ya ƙulla shirmensa. A uku ba zai sunkuya ba. Zai juyo wa kyamara fuska, ya ɗan ja kai baya, naushi ya wuce ta gaban hancinsa. Ya san tsawon hannun Buhu, in ji shi. Ya kuma ƙi faɗa wa kowa, don da wane ido zai dubi mutanen da ya sha kora a kan ƙasa da haka?

Buhu ya matso. "Oga, yadda muka yi ko?"

"Kai dai riƙe ƙirgarka, sakarai. Ni za ka koya wa aiki?"

"Allah ya ba ka haƙuri, Oga."

Darakta ya ba da umarni. Ɗaya. Biyu. A uku Mai Ƙirga ya juyo, har da ɗan murmushi. Abin da ya manta, shi da bakinsa ya koya wa Buhu ya ƙara rabin taku a naushin gaske, don ya yi kyau a hoto. Huɗu ta same shi a gefen baki. Mai riƙe da sandar ɗaukar sauti ya yar da abin kunnensa saboda ƙarar.

Buhu ya durƙusa a kansa yana kuka kamar yaro. "Oga, uku fa! Ai uku ce!"

Darakta ya maimaita hoton sau biyu, ya ga juyin, ya ga murmushin. Sai ya ce a kawo mota.

Ga abin da ya tashi da shi. Haƙora uku na gaba sun tafi. Muƙamuƙi ya sha ɗauri da waya wata biyu, abinci sai ta tsinken shan lemo. Fitowar tasa aka yanke ta, aka sake ɗauka da wani. Sauran faɗan fim ɗin aka ɗauko wani mai tsarawa ya ƙarasa. Da ya warke ya koma nema, babu ɗan wasa ɗaya da ya yarda ya sake tsayawa a gaban naushi da ƙirgarsa.