Tawada a Yatsan Suhaib

Ladidi ma'aikaciyar rigakafi ce, kuma duk Unguwar Shanu an san ba ta iya cewa a'a. Halin nan ne ya ja mata.

Ran da suka fito yi wa yara allurar ƙyanda, ƙawarta Aziza, uwar Suhaib, ta ja ta bayan labule. "Don Allah ki shafa wa Suhaib tawadar shaidar a yatsa kawai, babansa ya gani. Gobe kamun ƙanwata a Mando, in zazzaɓin allura ya kama shi ba inda za ni. Bayan biki zan kawo miki shi."

Ladidi ta yi ɗan ƙunƙuni, ta shafa. Biki ya wuce, aka shiga gulmar anko, duk suka manta.

Yanzu ga Suhaib kwance, ƙyanda ta feso masa, ido ya ƙi buɗuwa. Labari ya iske Ladidi. Ta yi ta ɗaga zuwa dubiya har kunya ta tura ta.

A tsakar gida ta tarar da Malam Ɗahiru, mijin Aziza, mutumin da a da yake bin maƙwabta yana lallashinsu su fito da yaransu.

"Kar ki sa komai a ranki, Malama," in ji shi. "Ke kin yi aikinki, da idona na ga shaidar a yatsansa. Maganin ne na banza. Na faɗa a masallaci, kuma Yasmin ba mai tsira mata allura."

Yasmin, ƙanwar Suhaib, na goye a bayan uwarta, ba ta daɗe da isa allurar ba. Aziza ta kafe Ladidi da ido tana girgiza kai a hankali. Ladidi ta gane, aurenta take roƙo a rufa wa asiri. Ta ji ta tsani kanta.

"Malam, maganin bai yi laifi ba," in ji Ladidi. "Ban yi masa allurar ba. Tawada kawai na shafa."

"Wa ya sa ki?"

"Ba kowa. Gangancina ne."

Ɗahiru ya dubi matarsa. "Ɗauko mayafinki mu kai Yasmin asibiti. Ke kuma, Ladidi, kada ki ƙara taɓa min yaro."

Aziza ta shige ɗaki, ko kallonta ba ta yi ba.