Gorar Lemon Baban Biyu

Duk ranar da Uwar Biyu ta ɗora wandon mijinta a kan keken ɗinki don ta rage masa ƙugu, ji take kamar an rataya mata lambar yabo. Baban Biyu mai fenti ne, irin masu hawa jikin dogayen gine-gine, kuma Allah ya yi shi da jiki. In ya zauna a falo sai kujera ta yi ƙara kamar mai neman agaji. Lemon kwalba kuwa, in bai ga mai sanyi ba, to bai ga abin sha ba. Ta yi lallashi, ta yi fushi, ta yi kuka, musamman bayan rasuwar yayansa, wanda shi ma haka ya cika ya batse har zuciya ta kasa ɗaukarsa. Amsar Baban Biyu ba ta canzawa: "Ke dai bar ni da abina, ai ba giya nake sha ba."

Da ta ga baki ya kasa, sai ta koma dabara. Wata mai kawo mata ɗinki ce ta ba ta labarin lemo marar suga: kala ɗaya, ɗanɗano kusan ɗaya, marfi ne kawai ya bambanta, wai zaƙinsa na wani sinadari ne da ba ya ƙara wa mutum nama. Uwar Biyu ta riƙa sayen babbar roba a ɓoye, ta juye a cikin robar irin nasa, ta mayar firij. Daga nan take cika masa gorar da yake ratayawa a ƙugu in zai hau sama. Shayinsa ma ta daina sa masa suga, sai wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin zaƙi. Wata rana ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya ce kamfanin nan sun fara ha'inci. Ta ce ai komai na duniya ya lalace, ta juya baya don kada dariya ta tona mata asiri.

Jiki kuwa ya fara zubewa. Har ta kai ba ya ko kallon na cikin firij, gorar ma sau da yawa a cike take dawowa, ta zubar ta sake cikawa. Uwar Biyu ta ɗauka kwaɗayin ne Allah ya yaye masa, tana ta yi wa kanta kirari a zuci. Rashin sani dai ya fi dare duhu.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ta ajiye ɗinki ta leƙa kemis ɗin bakin titi, ƙwayar zaƙinta ta ƙare. Mai kemis dattijo ne mai tabarau, mutumin kirki, sai dai bakinsa ba shi da linzami.

"A'a, Uwar Biyu, gara da kika zo," in ji shi. "Ki gaya wa mutumina allurarsa ta iso, ya biyo ya karɓa kada ta yanke masa."

"Wace allura?"

"Ta ciwon suga mana." Ya ɗago ido ta saman tabarau, ya ga fuskarta. "Au. Bai gaya miki ba?"

Bai gaya mata ba. Mai kemis ya so ya haɗiye sauran maganar, amma ina, bakin alƙalami ya riga ya bushe. Ya ce ai an jima da likita ya ɗora Baban Biyu a kan allura, kowace safiya yake yi wa kansa. Ya roƙi a rufa masa asiri ne saboda wurin aiki, kada a hana shi hawa, amma shi bai zaci har da matar gida a cikin waɗanda ake ɓoye wa ba.

"Ba ki ga yadda ya zube ba? Ciwon da kansa yana zuge mutum. Ni abu biyu nake nanata masa. Kada ya yi allura ya fita bai ci abinci ba, kada kuma ya rabu da lemo mai suga. In sugan jini ya faɗi, sai gumi, sai rawar jiki, sai jiri, mutum ya fita hayyacinsa yana tsaye. Amma da ya kurɓi mai zaƙi sai ya dawo. Ya ce mini ke kike cika masa gora kullum, na ce to madalla da mace ta gari."

Safiyar yau ta dawo wa Uwar Biyu tiryan-tiryan: ya daɗe a banɗaki da ƙofa a kulle, ya fito yana cewa ya makara, ya kwankwaɗi shayi a tsaye, ya bar burodi da ƙwai a kan tebur ko taɓawa bai yi ba. Shayin ma ita ta san abin da ke ciki.

"Baba," ta ce, "in lemon ba shi da suga fa?"

"Ai ruwa ne mai kala. Ko durom ya sha ba abin da zai…" Ya tsaya. Idonsa ya sauka a kan ƙwayoyin zaƙin da ke hannunta. "Uwar Biyu, me kika yi? Yana ina yanzu?"

"Yana sama."

Dattijon nan da ke tafiya kamar ba ya son taka ƙasa, sai ga shi ya zabura ya buɗe firij, ya danƙa mata roba biyu na lemo mai suga. Ya ce in ta same shi yana iya haɗiya ta ba shi ya sha. In kuwa ya suma kada ta kuskura ta ɗura masa komai a baki, sai asibiti. Sannan ya daka mata tsawa ta tafi, don ta tsaya tana kallonsa kamar an dasa ta.

Ta tare tasi tana kiran wayar mijinta. Wayar na shiga, ba mai ɗauka. Ta san a ƙasa suke barin wayoyi in za su hau, amma ta ci gaba da kira, don in ta daina ba ta san abin da za ta yi da hannunta ba. Direba na ta ba ta labarin lalacewar titi, ko kalma ɗaya ba ta shiga kunnenta ba. Tsoro take ji. A zuci ta ga 'yan biyunta sun dawo daga makaranta sun tarar da tabarmi a ƙofar gida. Ta ji bakin dangin miji suna tambayar me ya ci, me ya sha, wa ya ba shi. Garin neman gira za ta rasa ido, kuma da hannunta.

A mahaɗar hanya motoci suka cunkushe, ko motsi babu. Daga nan tana hango ginin, dogo, rabinsa fari rabinsa siminti. Ta buɗe ƙofa ta fita. Mace mai 'ya'ya, da mayafi da robobin lemo a ƙirji, tana gudu tsakanin motoci, masu talla na kauce mata suna bin ta da kallo. Takalmi ɗaya ya tsinke, ta bar shi a nan.

Tun kafin ta shiga harabar ta san ta makara ko ta kusa, domin ba mai aiki. Injin kwaɓa siminti na juyawa shi kaɗai, ma'aikata sun taru sun ɗaga kai sama. Ta bi idonsu. Can kusa da ƙarshen ginin, a kan katakon da aka shimfiɗa bisa ƙarafan da ke jikin bango, ga Baban Biyu zaune, ƙafafunsa na lilo a iska. Bokitin fenti ya kife, farin fenti na ɗiga a jikin ƙarafan. Ya kwance igiyar da ke ɗaure shi da ƙarfe, tana reto a gefensa.

"Ni ce matarsa!" ta ce da shugaban ma'aikatan, wanda suke kira Helma.

"To Hajiya, mijinki ya sha wani abu ne? Ko yana da iska? Duk wanda ya matso sai ya kai masa duka, ya ce igiya na shaƙe shi. Mun ji tsoron kokawa da shi a can, kada a faɗo mutum biyu."

"Ba iska ba ce. Suga ne ya faɗi. Ina matakala?"

Matakalar cikin ginin ba ta da abin dafawa, sai buhunan siminti da guntayen ƙarfe a kowane lungu. Uwar Biyu, wadda ko kan kujera ta hau ɗauko abu sai ta kira yara su riƙe mata, ta haye ta ba ta ko duba gefe ba, Helma na bin ta yana haki. Suka iso wani ɗaki da ba a sa wa taga gilashi ba. Ta leƙa. Ga shi nan, bai fi tsawon mutum biyu daga tagar ba. Rigarsa ta jiƙe sharkaf, leɓɓansa sun yi fari, kansa na rangaji. Gorar na hannunsa a buɗe, ba ko ɗigo a ciki.

"Baban Biyu."

Ya juyo a hankali, katakon ya motsa, mutanen ƙasa suka saki salati. Kallon da ya yi mata na wanda bai taɓa ganin ta ba ne.

"Na sha," ya ce, harshensa a karye. "Na sha duka. Ku ƙyale ni."

"Ga wani na kawo maka. Miƙo hannu."

Bai miƙo ba. Idonsa ya fara lumshewa, jikinsa na karkata gaba. Ta tuna maganar mai kemis, in ya suma shi ke nan ba sauran ba shi komai, kuma a inda yake zaune sumansa faɗowa ne. Ta cire mayafi ta ɗaure a ƙugu, ta ce wa Helma ya riƙe ƙarshensa, ta ɗora gwiwa a kan tagar. Helma ya fara cewa Hajiya ki tsaya, ta riga ta fita.

Katakon ya fi yadda ta zata siranta, ga santsin fenti. Ta rarrafa da roba ɗaya a hannu, tana kallon ƙugun wandonsa kawai, ɗinkin da ta yi da kanta, domin ta san in ta dubi ƙasa ta gama. Iska na kaɗa mata zani. Da ta isa sai ta cusa hannu ta damƙi bel ɗinsa ta baya, ta buɗe marfin da haƙori, lemon ya yi kumfa ya zubo mata a hannu.

"Ni ce, Baban Biyu. Uwar Biyu ce. Buɗe baki."

Ya kawar da kai. Ta sa murya irin wadda take sa wa yara in sun ƙi magani, ta ce wallahi sai ya sha. Ko muryar ya gane, ko gajiya ya yi, oho, ya buɗe. Kurɓa ɗaya, rabi ya bi gemu. Ta sake kafa masa. Ya haɗiye, ya sake haɗiyewa, har robar ta yi rabi.

Daga nan sai jira, kuma jiran ya fi rarrafen wuya. Tana riƙe da mutumin da ya ninka ta nauyi, ta san sarai in ya tafi da ita zai tafi, amma ba ta saki ba. Ba abin da take iya faɗa sai sunan Allah. A hankali rangajin ya ragu. Ya ja dogon numfashi, ya dubi ƙafafunsa, ya dubi ƙasa, ya dube ta.

"Ke! Me kike yi a nan?"

Sai a lokacin kuka ya zo mata. Ma'aikata biyu suka zagayo ta ɗaya gefen suka mayar masa da igiya, aka jawo su ciki ɗaya bayan ɗaya. Suka zube a kan simintin ɗakin, ta buɗe masa roba ta biyu, wani ya kawo biskit. Helma ya kore mutane ya ce a ba shi iska, shi ma ya sauka neman motar da za ta kai su asibiti, aka bar su su biyu.

Baban Biyu ne ya fara magana. "Kin ji ke nan. Ki yafe mini, ban so in ɗora miki tsoro ba ne, na ga yadda mutuwar Yaya ta yi miki." Ya share gemu. "Amma ciwon nan ya fi ƙarfina. An ce in na sha lemo zan dawo. Na shanye gorar tas, ko gezau."

Da ta yi shiru, da maganar ta wuce a haka har abada, kuma ta san da hakan. Ta ji tsoron faɗa kusan yadda ta ji tsoron katakon.

"Babu suga a gorar," ta ce. "Marar suga nake juye maka. Shayin ma haka. So nake ka rage jiki."

Ya dube ta. Ta jira tsawa, ta jira zagi, har ta fi son su zo a wuce wurin. Ba su zo ba.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin in fara rage maka wando."

Ya jingina kai da bango ya rufe ido. Da ya sake magana, muryarsa ƙasa-ƙasa take.

"Ba yau ne farko ba. Jirin nan ya taɓa kama ni a ƙasa, na sha bai yi aiki ba, sai da wani ya ba ni alawa. Ya sake kama ni, haka dai. Sai na ce to jikina ne ya daina karɓar magani, lokaci ne ya matso." Ya buɗe ido. "Watan jiya na je wurin ƙanena. Na ba shi amanar yaran, na ce ya riƙe su in ta Allah ta kasance. Muka zauna muka yi ta kuka, ni da shi, kamar yara."

Uwar Biyu ta toshe baki da hannu biyu. Duk kwanakin da take murna a kan keken ɗinki, mijinta na kwana kusa da ita yana shirin mutuwa.

"Ara mini wayarki," ya ce. "Bari in gaya wa ƙanena ba yanzu ba."

Ta miƙa masa. Hannunsa bai daina rawa ba, sai ita ta danna masa lambar.