Inna Biba Ta Ga Iyaka

Da labari ya bazu cewa Mahfuzu ya samu aikin gyaran famfon sola a wasu lambunan albasa da ke tsallaken iyaka, mutanen ƙauyensu, can gefen Bangi, suka yi masa abin da suka saba yi wa duk mai tafiya biɗa. Wannan ya kawo wasiƙa a kai wa ɗansa a Legas, waccan ta kawo ƙullin kuka a miƙa wa ƙanwarta a Fatakwal. Bakinsa har ya gaji da faɗin cewa shi kullum gida zai kwana, ya fita da safe ya dawo da marece. Sai a ce Allah ya kai lafiya, a ƙara tura masa wani ƙullin.

Mahaifiyarsa Inna Biba ta fi kowa. Kwana uku tana daka gumba, tana suyar ƙuli-ƙuli, har ta aika garin Madawa aka sayo kilishi, guzurin da zai kai mutum Makka a ƙafa. Abu guda ta hana shi: albarka. Ga shi ranar Litinin zai fara aiki, mai lambun kuma ya ce in bai gan shi ba wani zai ɗauka. Mahfuzu kuwa ko rijiya ba ya zuwa sai Inna ta ce a dawo lafiya.

"Inna, nan ni ka kwana kullum," ya ce da ita, karo na ba adadi.

"Haka ubanka yac ce," ta amsa, ba ta ko ɗaga kai daga turmi ba. "Wai bayan Salla shina nan."

Shekara ashirin da uku ke nan da mahaifinsa Halidu ya tsallaka iyakar, Mahfuzu yana goye. Can ya zauna, can ya yi wani aure, can aka rufe shi. Inna ba ta taɓa zaginsa ba. Duk wanda ya ɗauko maganar sai ta ce a yi wa bawan Allah uzuri, iyaka ba abin wasa ba ce. Ita dai ba ta taɓa ganin ta ba, amma ta san akwai katanga da sojoji, wataƙila har da kogi. Ƙasar sawunsa da ta ɗiba ranar da ya fita, don ta jawo shi gida, tana nan ƙulle a tsumma a ƙasan adakarta.

Adawiyya, matar Mahfuzu, ita ta kawo dabara.

"Ka ɗauke ta bisa moto ta gani da idonta mana."

Ranar Asabar Inna ta yarda, amma sai da ta zaga maƙwabta tana neman gafara, ta damƙa wa Adawiyya amanar awakinta, ta ɗora wake a wuta don kada ƴan gida su zauna da yunwa bayanta. Ta ɗauki buta da tabarma, ta hau bayan moto, wato babur, ta cakumi rigar Mahfuzu har numfashinsa na sarƙewa.

Suka bi ta cikin gonakin gero. A wata rumfa jandarma ya duba katinsu, ya gaida Inna, ya saki igiyar da aka gitta a hanya. Gaba kaɗan wani mai kaki daban ya ɗaga musu hannu. Gero dai gero, awaki dai awaki.

"Mahfuzu, in mun kusa ka hwaɗa mini in yi addu'a."

"Mun wuce, Inna."

"Mun wuce mi?"

"Iyakar. Igiyar can da munka tarar, ita ta."

"Igiyag ga? Ko akuyata ba ta riƙewa!"

Dariya ta kusa kayar da su. Mahfuzu ya ji daɗi har cikin ransa, ya tabbata ya gama da wannan magana. Ya nuna mata lambunan, ya nuna mata famfunan, mai lambu Alhaji Kalla ya durƙusa ya gaishe ta ya cika mata zane da albasa. Suna shirin juyowa ta tsaya tana kallon wata hasumiyar masallaci da ta leƙo bayan itatuwa.

"Wane gari na can?"

Ya faɗa mata sunan, sai da ya fita bakinsa sannan ya tuna garin da mahaifinsa ya zauna ne. Shi ya kawo ta don ta ga kusa, ga shi ta gani.

A hanyar dawowa ko rigarsa ba ta riƙe ba. Suna shiga gida ta wuce murhu ta buɗe tukunya, ta latsa wake da yatsa. Bai nuna ba. Ta daɗe tsaye da murfin a hannu, Mahfuzu na bayanta.

"Ashe ba nisa ba ta," ta ce a hankali. "Shi na bai so zowa ba."

Ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin tsumma, ta kwance, ta zazzage ƙasar a bakin zaure inda kowa ke takawa, ta kakkaɓe hannu.

Ranar Litinin Mahfuzu ya turo moto waje, kayan aiki ɗaure a baya. Inna na ƙofa. Ya ga idonta ya sauka kan sawun takalminsa a rairayi, ya jira ta duƙa. Ba ta duƙa ba.

"Allah shi yi maka albarka," ta ce. "Guzurin ga kuma bar shi nan, mu mu ka cin abinmu. In kana son rabonka, ka iske mu kahin magariba."