Simintin Gidan Kafin Marke

Tun ranar da hoton gidan ya shigo wayata jikina ya ba ni akwai abin da zai lalace. Abin da ban sani ba shi ne da hannuna zan lalata shi, ina zaune a Riyad, ban ko taka ƙofar gidan ba.

Sunana Isiyaku. Bana, 2016, shekarata bakwai ke nan a Saudiyya, ina leburanci a Dir'iyya inda ake gyaran tsofaffin gine-ginen ƙasa. Matata Bilƙisu da 'ya'yanmu uku suna Kano a ɗaki ɗaya na haya, kuma mai gidan ya ce su tashi kafin azumi. Kawunta, Kawu Gali, shi ya kawo maganar wani gida a ƙauyensu, Kafin Marke. Na yayansa ne marigayi, magada suna son sayarwa. Ɗaki uku da zaure, ga rijiya, ga mahaifiyar Bilƙisu a bayan katanga. Mutumin da ba ya gida, me yake nema wa iyalinsa da ya wuce wannan?

A hoto gidan ya yi kyau. An shafe shi da siminti ciki da waje, an yi masa shuɗin fenti, sai ka rantse na bulo ne. Kawu ya ce mini a waya, "Shekara uku ke nan da na sa aka shafe shi. An huta da yaɓen kowace shekara."

Lokacin hutun azahar na nuna wa Harouna. Magini ne mutumin Tawa ta Nijar, ya girme ni nesa, kuma a duk wurin aikin shi kaɗai ne nake jin Hausa a bakinsa. Ya goge yatsunsa a wando, ya buɗa hoton, ya daɗe yana kallo.

"Bakano, wanga ai gidan ƙasa ne aka sa ma riga."

"To laifi ne?"

"Tashi in gwada maka."

Ya kai ni wani bango a gefen wani kwari, wanda wasu suka shafe da siminti tun kafin a haife mu. Ya ƙwanƙwasa shi da ƙotar cokalin gini. Ƙarar ta fito kamar an bugi ƙwarya a kife. Ya ɓantare ɗan wuri, sai ƙasa ta zubo a kan takalmina, laushi kamar garin tuwo.

"Ƙasa numfashi takai," in ji shi. "Ta sha danshi da damina, ta fitar da shi da rani. In ka rufe ta da siminti, danshi ya hau daga tushe bai da ƙofar fita. Waje lafiya lau, ciki ya mutu. Kuma na ga an sa silin. Wa ya ga azarar da ke sama? Gara in za ta ci itace ba ta aiko da sallama."

Ya kaɗe ƙasar da ke hannunsa ya ci gaba.

"Larabawan ga ba su barin mu taɓa bango sai muhandis, injiniyansu, ya yi kwana uku yana zagaya shi da na'ura. Bangon da ba mai kwana ciki ke nan. Kai kuwa za ka zuba ɗiyanka a wanda ko warinsa ba ka ji ba."

Tafiya ba ta yiwuwa. Fasfona yana hannun kafili, Balaraben da ya ɗauko ni aiki, kuma mudir, shugaban wurin aikin, ya ce babu hutu sai bayan aikin Hajji. Wani ɗalibi da muke haɗuwa a masallacin Juma'a ya ba ni lambar yayansa a Kano, Injiniya Shakir, wanda aikinsa ke nan, duba gida kafin a saya. Na kira shi. Ya yi mini bayani dalla-dalla. Zai auna danshin bango, ya fasa simintin kaɗan a wuri uku ko huɗu ya ga ƙasar da ke ciki, ya cire silin ɗaya ya soki azara da ƙarfe, ya hau soro ya duba indararo. Bayan nan ya rubuto mini abin da ya gani.

"Amma fa sai mai gida ya yarda," ya ce. "Ba na fasa bangon mutum a ɓoye."

A nan na maƙale. Kawu Gali shi ya riƙe Bilƙisu bayan rasuwar mahaifinta, shi ya ba ni aurenta lokacin ina tura baro a kasuwa, bai tambaye ni me na ajiye ba. Yanzu in turo masa baƙo da guduma? Ko da wane irin lafazi na faɗa, abin da zai ji shi ne ban yarda da shi ba.

Sau uku ina kiran sa da niyyar faɗa.

"Kawu, barka da yamma. Ya iyali? Ya zafi?"

"Lafiya lau, Isiyaku. Ya Makka?"

Shekara bakwai ina gaya masa Riyad daban Makka daban, bai daina ba.

"Makka lafiya, Kawu. Dama maganar gidan nan ce."

"Gida naka ne, ɗana. Ko akwai wani abu?"

"A'a, babu. A gaishe da mutan gida."

Haka na yi har sau uku. Bilƙisu ma ban gaya mata ba, don kawunta ne.

Sai na yi dabara, kuma a lokacin na ɗauka dabara ce mai kyau. Wani direba da muke unguwa ɗaya a Badi'a zai tafi gida, na ba shi dabino da turare da farar jallabiya. Na ce wa Injiniya ya karɓa a Kano, ya ƙara da goro, ya je Kafin Marke a matsayin abokina da ya kawo wa Kawu tsaraba. In an zauna, sai ya riƙa dubawa.

"Malam Isiyaku, ni fa ba da ido kaɗai nake aiki ba."

"Ka taimaka, Injiniya. Abin da ido ya gani ma ya fi babu."

Ya yi ajiyar zuciya ya ce to.

Ranar Asabar ya je. Yinin nan ban san abin da na kwaɓa ba, har Harouna ya ce in dai haka zan yi gara in zauna in riƙa yi masa fifita. Bayan la'asar muna cikin motar komawa masauki wayar Injiniya ta shigo.

"Malam Isiyaku, Allah ya sa alheri. Ka sayi gida."

Na ɗauka wasa yake yi.

Ya ce an shimfiɗa masa tabarma a zauren gidan, an kawo fura. Da Kawu ya kwance ƙunshin ya ga jallabiya da goro, sai fuskarsa ta washe, ya aika a kira liman da mai unguwa da manyan magada. Ya ce musu Isiyaku ya aiko wakilinsa da goron ciniki. Babban magajin ya ce ya sallama. Kawu ya ce maganar biya ba ta gaggawa ba ce, ɗansu ne. Liman ya yi addu'a aka shafa, aka raba dabinon.

"Kai kuma ba ka ce komai ba?"

"In ce me? Kai ka ce ni abokinka ne. In tashi a gaban liman in ce ƙarya muka shirya?"

Na tambaye shi abin da ya gani.

Ya ce a zaure fentin ya kumbura daga ƙasa har gwiwa, da farin gishiri-gishiri a jikinsa. Ya jingina da bangon gabas ya ɗan buga shi da zobensa, ƙarar ba ta yi masa daɗi ba. Indararo ɗaya ya karye, alamar ruwa yana bin bango. Cikin gida kuwa ba a shigar da shi ba, akwai mata suna shara.

"Ba zan rubuta maka gidan zai faɗi ba, ba kuma zan rubuta ba zai faɗi ba. Ɗakunan da za a kwana ban gan su ba. Wataƙila gyara kaɗan ne, wataƙila kuma ruwan farko mai iska ya isa. Ka nemo mini izini in koma da kayan aiki."

Mu shida ne a ɗakinmu, ni da 'yan Bangaladash huɗu da wani Basudane. Kowa in ya dawo sai ya juya wa bango fuska da wayarsa, yana magana da nasa mutanen da nasa yaren. Kwana biyar ina juya yadda zan fara maganar, ina cewa gobe. Na ɗauka akwai lokaci, tunda ba a biya ba.

Da hantsin Juma'a, ranar da ba mu aiki, Bilƙisu ta kira ni ta bidiyo. Tana dariya tun kafin hoton ya daidaita.

"Abban Sumayya, ka gane inda muke?"

A bayanta shuɗin bango ne.

Kawu ya aika da akori-kura ranar Laraba an kwaso su da kayansu. Ya ce ba dalilin da za su ci gaba da jin gorin mai haya alhali suna da gidansu. Ita kuma ta ɓoye mini ne don ta ba ni mamaki. Ta zagaya da ni ɗaki ɗaki. Sumayya, babbarmu, ta nuna mini ƙusar da ta rataye jakar makarantarta. Zainu yana ta tsalle a kan katifa yana cewa ɗakinsa ne shi kaɗai. Ƙaramar, Khadija, wadda aka haifa bayan zuwana na ƙarshe, ta kai wayar baki kamar kullum.

"Bilki, ɗauko muciya."

"Muciya kuma?"

"Ɗauko dai. Je ki bangon da katifar yara take. Ki buga a hankali, daidai gwiwarki, ki kara wayar a jikin bangon."

"Abban Sumayya, lafiya kuwa?"

Ta buga. Na ce ta matsa gaba ta sake. Ta sake. Ta waya ne, ga kukan kaji, ga hayaniyar Zainu, ba zan rantse ba. Amma abin da kunnena ya ji bai yi kama da bango mai lafiya ba.

Na ce ta kori yaran waje, na gaya mata komai, tun daga Harouna har goron. Ta zauna a bakin gado.

"Ashe baƙon nan da Kawu yake ta yabo, duba mu ya zo yi."

"Gidan ya zo dubawa."

"Kawu ka ji kunyarsa, na yarda. Ni fa? Ni ma surukarka ce?"

Ta ci gaba kafin in buɗe baki.

"Da ka faɗa mini, da na san yadda zan bi da shi ta wajen Inna, ba wanda zai ji. Yanzu duk gari an ci dabino." Ta share ido da gefen mayafi. "Zan kai su ɗakin Inna mu riƙa kwana. Mu biyar ke nan da ita a ɗaki ɗaya, kuma gobe za a fara tambaya. Amma Kawu kai za ka kira shi. Wannan ba zan ɗaukar maka ba."

Bayan an sauko Juma'a a can na kira shi. Na fita bayan masauki na tsaya a 'yar inuwar tankin ruwa, don kada 'yan ɗakinmu su ga fuskata. Wannan karon ban tsaya dogon gaisuwa ba, don na san in na tsaya ba zan faɗa ba. Na ce mutumin da ya zo injiniya ne, ni na turo shi, ni na ce ya ɓoye. Na ce ina roƙon a bar shi ya dawo ya fasa wuri kaɗan ya duba, saboda yara.

Na duba ko layin ya yanke, sai na ji muryarsa.

"Isiyaku."

"Na'am, Kawu."

"Yayana da hannunsa ya gina gidan nan. Shekara arba'in da wani abu, ko tsagewa bai taɓa yi ba. Simintin kuma ni na sa, daga aljihuna, don kada gidan ya lalace bayan ransa."

"Na sani, Kawu. Ba ku da laifi. Simintin ne ake cewa…"

"Da ka ce mini kana tsoro, da ni zan ba shi gudumar. Jikokina ne. Amma ka sa na tara liman da mai unguwa, na ɗaga hannu na yi addu'a tare da mutumin da ya zo ƙwanƙwasa mini bango."

"Ku yafe ni, Kawu."

"Gidan ba nawa ba ne ni kaɗai. In aka fasa aka ce ya ruɓe, marayun nan wa zai sake taya musu shi? Sai na yi shawara da su."

Ya kashe. Kullum sai ya ce Allah ya yi mini albarka kafin ya ajiye waya. Ran nan bai ce ba.

Yau kwana goma sha ɗaya. Bilƙisu da yara suna yini a tsakar gidan, su kwana a ɗakin Inna. Ta ce Zainu kullum sai ya yi kuka a mayar da shi ɗakinsa, kuma jiya da rana ta same shi ya lallaɓa ya yi barci a can. Ta ce an yi ruwa a ƙauyen da ke gabas da su, nasu bai sauka ba tukuna. Injiniya ya ce duk ranar da aka ba shi izini zai bar abin da yake yi ya tafi. Na kira Kawu sau shida, sau ɗaya aka ɗauka, matarsa ce, ta ce ya tafi gona.

Ban sani ba ko zai bari a duba gidan kafin ruwa ya sauka. Kuma har yanzu babu wanda ya san abin da ke ƙarƙashin simintin nan.