Wuskin Masu Haƙa Kabari

"Cokali, Nuala! Fara sa cokali a ciki, ko so kike ruwan zafi ya fasa mini kofi?"

Nuala ta tsaya da buta a hannu, ta harari maƙwabcin nata. Manus na kwance a gadon da aka jawo masa kusa da murhu, ya rame har ƙasusuwan kumatu sun fito, amma bakin nan na nan yadda yake.

"Mutum na bakin tafiya, ta kofi yake yi," ta ce.

"Kofin nan ya girme ki, yarinya."

Ta jefa cokalin, ta ɗauraye kofin gilashin da ruwan zafi. Kwalbar wuski kuwa tana kan tebur, ko kallonta ba ta son yi. Tun ranar da aka tsamo gawar mijinta daga teku, bayan ya sha ya bugu ya shiga kwalekwale, ta rantse a gaban Fada a coci cewa hannunta ba zai ƙara taɓa kwalbar giya ba. Duk ƙauyen an sani.

A nan gaɓar tekun Donegal, a ƙasar Ireland, maƙwabta ke haƙa wa mamaci kabari, kuma tun Manus na saurayi shi ke hawa tudun maƙabarta ya kai musu wuski mai zafi. Yanzu ga Janairu, ƙasa ta daskare kamar dutse, likita kuma ya ce sai dai a jira.

"Ka sa Packie ya haɗa wa masu haƙa naka kabarin mana," ta ce. "Ba abokinka ba ne?"

"Packie? Ya shanye rabi a hanya ya cika da ruwa? Duk garin nan ke kaɗai za ki kai shi a cike." Tari ya sarƙe shi, sai da ya huta. "Ban ce ki sha ba, Nuala. Kawai kada mutane su tsaya cikin ramina suna karkarwa, su ce Manus ya tafi da rowa."

Ta dubi taga. Iska na kaɗa ƙanƙara a jikin gilashi. Mutumin nan ne ya shiga ruwa har wuya ya jawo mata gawar mijinta. Ta goge hannu a siket, ta miƙa, ta kama wuyan kwalbar.

"Allah Ya gani kai ka sa ni."

"Zan faɗa Masa da bakina, na kusa isa."

Ya yi ta ba da umarni. Jan sukari. Yankan lemun tsami, a tsira masa kanumfari. Ruwa kuma a bari ya daina tafasa. Ƙamshi ya cika ɗakin. Ba ya iya haɗiya, don haka ta ɗiba a cokali ta jiƙa masa leɓe. Ya lumshe ido.

"Shayin jarirai kika yi. Gobe mu sake."

Washegari ta shigo da sabon lemo, ta tarar da 'yar ƙanwarsa Sorcha tana buɗe taga, kamar yadda ake yi in rai ya fita. Nuala ta tsaya a bakin ƙofa, lemon na hannunta.

Ranar haƙa, ita kaɗai ta tsaya a kicin ɗinsa. Ba mai gyara mata, ba ta kuma iya ɗanɗanawa. Ta zuba, ta yi shakka, ta ƙara. Ta rungumi fulas cikin kwat ta kama hawan tudu, takalmanta na zamewa.

Packie na cikin rami har ƙugu, hancinsa ja wur. Ya ɗago, diga ta kusa faɗi daga hannunsa.

"Jama'a, ku zo ku gani! Nuala da giya!"

"Rufe mini baki ka kawo kofi."

Ya kurɓa. Idanunsa suka kawo ruwa, ya yi tari yana dukan ƙirji.

"Kai! Marigayi bai taɓa sakar mana hannu haka ba."

Mazan suka kwashe da dariya, dariyar kuma ta mutu nan da nan. Packie ya juya baya, ya daɗe yana share fuska da hula.

Suka shanye, suka koma bakin aiki. Nuala ta tsaya tana jin ƙarar shebur. Kofunan da suka ajiye a kan tarin ƙasa na ta fitar da tururi, ƙanƙarar da ke ƙarƙashinsu tana narkewa a hankali.