Haƙorin Makkan Yaya Tambari

Shekara huɗu na yi ina kallon haƙorin nan yana walƙiya a bakin wana, kuma ba zan ɓoye ba, ranar da aka ce ya fara ciwo sai da na ƙara tuwo.

Sunana Arzika, baduku ne ni, gidanmu yana Ƙofar Marke. Wan nawa Tambari, uwa ɗaya uba ɗaya. A 1947 ya ɗauki sanda da gora ya ce ya tafi Makka a ƙafa. Ya bar mini Inna da ciwon ƙafa, ya bar mini matarsa Dije da 'ya'ya uku, ya bar mini rumfar da ya kamata a ce mu biyu muke zama a ciki. Shekara tara babu wasiƙa, babu sallahu. Ni na yi ta huda jar fata har idona ya fara ganin basilla biyu. Ni na aurar da babbar 'yarsa. Ni nake ɗaukar Inna in fito da ita hantsi, in gasa mata ƙafa da ruwan zafi, in mayar da ita ɗaki.

Ranar da ya dawo unguwa ta cika. Ya tsaya a ƙofar zaure ya yi dariya, sai ga haƙorin zinariya nan, a sama, gefen hagu, rawaya ɗorawa. Shi ke nan magana ta ƙare. A lokacinmu babu mai tambayar alhaji takarda, bakinsa ake kallo. Daga ranar ya koma Alhaji. Sahun gaba nasa ne, addu'ar suna tasa ce, rigimar maƙwabta wurinsa ake kaiwa. Ni kuwa ina nan yadda nake, Arzika baduku. Shekarar da Inna ta ƙara a duniya, in na kai mata fura abin da take fara tambaya shi ne ko Alhaji ya sha tasa.

Ni dai ban taɓa ce masa Alhaji ba. Yaya Tambari nake cewa, a gaban kowa, da ƙarfi. Dalili kuwa, mutumin nan in ya fara labarin gonakin auduga na Sudan sai ka gaji ka tashi, amma ka tambaye shi Arfa sai ya ce abin ba ya faɗuwa. Da aka fara tafiya ta jirgin sama daga Kano, alhazai suna dawowa cikin wata biyu, sai na lura duk ranar da za a je yi musu barka da zuwa, ranar ce zazzaɓi ke kama shi. Na san akwai wani abu. Amma wa zai saurari ƙane mai hassada, ga haƙori yana ba da shaida?

Ciwon ya zo a ƙarshen daminar 1960, ana ta shirin bikin 'yancin kai, 'yan makaranta suna koyon maci a fili. Kumatun Yaya Tambari ya kumbura har idonsa na hagu ya ƙanƙance. An sa kanumfari, an sa jar kanwa, an sha rubutu, duk a banza. Aka kira Bawa wanzami da awartakinsa. Ya leƙa bakin, ya ja da baya.

"Ni ba ni sa ƙarhe ga abin da yat taho daga Makka," in ji shi. "Ku biɗi wani."

Dije ce ta same ni a zaure. "Arzika, don Allah ka kai Alhaji asibiti. An ce likitan haure ya zo daga Kaduna, kwana huɗu za shi yi. Ko hura ba shi iya sha."

Na shiga na tarar da shi kwance, ya ɗaure haɓa da rawani. Ya kamata ku san wana matsoraci ne tun muna yara. Aski ma sai an riƙe shi.

"Ba ni zuwa," ya ce. "An ce cikin baki Bature ke sa ma mutum allura. Cikin baki hwa, Arzika! Kai da anka cire ma haure bara, gaskiya ta?"

"Gaskiya ta," na ce. "Tsawonta ya kai basilla."

Ƙarya nake, ba ta kai rabi ba. Da bai je ba, sai dai ciwon ya fi tsoron ƙarfi. Washegari da hantsi muka tafi, yana gaba yana nishi, ina baya ina jin daɗina.

Ɗakin likitan yana can ƙarshen baranda, warin magani ya cika shi. Kujera ce doguwa mai wurin jingina kai, ga ƙarafa jere a faranti, ga wata na'ura da ake takawa da ƙafa kamar keken ɗinki. Likitan Bature ne mai jan wuya, ba ya jin Hausa. Wani dattijon ma'aikacin asibiti, Malam Tukur, shi yake tafinta. Yaya Tambari ya hau kujerar yana karanta duk abin da ya zo bakinsa. Likita ya ƙwanƙwasa haƙorin da ɗan ƙarfe, sai da wana ya yi ƙarar da na tabbata an ji a bakin titi.

"Likita ya ce hauren ya ruɓe daga ciki, sai an hidda shi," in ji Malam Tukur. "In wurin ya warke a auna bakinka, a aiko ma da wani hwari daga Kaduna, awa naka na haihuwa. Babu mai ganewa."

"Hwari? Mi za ni yi da hwari? Akuya ma tana da hwarin haure! A gyara min nawa a bar min shi."

"Ba shi gyaruwa, Alhaji. In anka bar shi, kanka za shi hau."

Aka yi allurar, biyu, yana riƙe da hannun kujera kamar za a ƙwace masa. Ya runtse ido yana ta salati. Likita ya duba agogo ya fita ganin wani. Malam Tukur ya tsaya a bakin ƙofa ya ce mini a hankali, "In ya natsu ka gaya mai bakin za shi yi nauyi, awa ba nashi ba. Aikin maganin ke nan, kahin azahar ya sake shi. Kada shi ji tsoro." Na ce to. Ya bi likita.

Ban gaya masa ba.

Ba a jima ba ya buɗe ido. Ya taɓa leɓensa, ya mintsine shi, ya sake mintsinawa. Yawu ya zubo masa a gemu bai sani ba.

"Arzika, leɓona ya tahi. Hancina ma. Taɓa ka ji. Ba ni jin hannunka!"

Mahaifinmu ciwon shanyewar jiki ne ya kashe shi, kuma ta baki ya fara. Mu biyu muna zaune a gabansa leɓensa ya karkace, kafin la'asar magana ta ɗauke, bai ko samu yin wasiyya ba. Na san Yaya Tambari bai manta ba, don shi ya gudu daga ɗakin. Na sunkuya na dubi bakinsa sosai, na girgiza kai.

"Haka Baba yah hwara," na ce.

Allah ya gani, so nake kawai in ga ya yi fitsari a wando, in samu abin dariya na shekara. Ban zaci abin da ya biyo baya ba. Ya cafki rigata, ya yi kalmar shahada sau uku da harshen da ya fara nauyi, sannan ya jawo ni har ina jin warin ruɓar bakinsa.

"Ka saurara tun ina iya magana. Ban kai ba, Arzika. Ban kai Makka ba. Sawakin nit tsaya, bakin teku. Jirgin da yat tashi gabanmu ya nutse, munka wayi gari ruwa na turo mutane bakin gaɓa. Nik kasa shiga. Shekara shidda, duk lokacin aikin hajji sai in koma bakin ruwan ga, in tsaya, in juyo. Hauren wani maƙeri yas sa min shi cikin kasuwa. Ka yahe min. Na bar ka da wahala a banza."

Wani sanyi ya ratsa ni tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Daɗi ne, ba tausayi ba. Shekara huɗu ana ce mini mai baƙin ciki, ga shi da bakinsa. Amma ban ƙoshi ba, sai da na ƙara murɗa wuƙar.

"Ni mai sauƙi na. Inna hwa? Tsohuwa ta mutu tana ce ma Alhaji. Mi za ka ce mata?"

"Inna ta sani."

"Ƙarya kake!"

"Ranar da nid dawo nig gaya mata, cikin ɗakinta. Tac ce Allah ya ga niyyata, in yi shiru. Tac ce ko Dije ta ji babu komi." Ya haɗiyi yawu da ƙyar. "Tac ce amma kada Arzika shi ji. Arzika ba shi ruhin asirin kowa."

Ban san lokacin da na ɓamɓare hannunsa daga rigata ba. Ina nan tsaye likita ya dawo, ya naɗe hannun riga, ya sa awartaki. Kafin a karanta Fatiha haƙori ya fito. Yaya Tambari bai ma ji ba, yana can yana jiran Mala'ikan mutuwa da auduga a baki.

Malam Tukur ya ɗauraye abin, ya naɗe a auduga, ya ja ni gefe ya damƙa mini. "Diba cikinai," ya ce. Na duba, ciki ya yi kore shar kamar tsohuwar buta. "Wanga ba zinariya ba ta. Tagulla ta anka shahe, ita tac ci mai dasashi. Maƙeran Makka ma sun iya cuta." Na jefa a aljihu.

Muna hanyar gida maganin ya fara sakinsa. Na ga yana taɓa leɓe, yana motsa hanci. Daidai Ƙofar Marke ya tsaya cak, ya juyo.

"Ka san za shi sake ni."

"Na sani."

"Kac ce haka Baba yah hwara."

"Ƙarya niy yi? Ba haka yah hwara ba?"

Ya tofar da jini kusa da ƙafata. Ya daɗe yana kallona da idon nan guda da bai kumbura ba. "Inna ta san ɗanta," ya ce, ya wuce ya bar ni.

Washegari ko shimfiɗa fata ban gama ba rumfata ta cika. Maccido mai goro, maƙwabcina a kasuwa, shi ne a gaba, kuma duk abin da Maccido ya ji da safe, kafin azahar ya kai Ƙofar Kware. Ashe labari ya riga ni zuwa, wai Bature ya riƙe zinariyar, tunda mulki ya ƙare musu zai tafi da ita ƙasarsu.

"Arzika, kai ka je, kai kag gani," in ji Maccido. "Ina hauren Makka? Gaskiya ta Bature ya sace?"

Abin yana aljihuna na dama. Na sa hannu na kama shi. Shekara huɗu ina shirya wannan magana, na san inda zan fara, na san inda zan dakata a yi salati, na san yadda zan ɗora shi a tafin Maccido in ce ya juya cikin. Mutum sama da goma suna kallon bakina.

Sai na tuna ƙafar Inna a cikin ƙwaryar ruwan zafi, da yadda take dafa kaina in na ɗauke ta. Shekara tara tana dafa kan nan, ashe abin da take gani a ciki ke nan. Wanda ya gudu ya bar ta shi ta rufa wa asiri, ni da na zauna ni ta yi wa shaida. Haushinta ya taso mini har wuya, irin wanda ban taɓa ji a kan Yaya Tambari ba. In na buɗe hannun nan, ta yi gaskiya ke nan har abada, kuma ba ta nan balle in yi mata musu.

Na zaro hannuna babu komai.

"Ban ga Bature ya sa komi aljihu ba," na ce. "Haure ya ruɓe, an hidda shi. Ku ba ni wuri, aiki gare ni."

"To ya jikin nai?"

"Alhaji ya samu sauƙi."

Kalmar ta fi maɗaci ɗaci a bakina. Maccido ya dube ni, don bai taɓa jin na faɗe ta ba.

Farin haƙorin ya iso daga Kaduna bayan an gama bikin 'yanci da wata guda. Ya zauna daidai, babu mai ganewa, kamar yadda Malam Tukur ya faɗa. Har yau Alhaji ake ce masa, har yau sahun gaba nasa ne. Dariyar ce dai ya daina. Ba ma cin abinci a kwano ɗaya, gaisuwa ma sai ta kama dole, kuma duk taron da muka haɗu, in na buɗe baki ko hamma ce, sai in ga ya zuba mini ido.

Tagullar tana cikin gwangwanin da nake ajiye basilla. Kullum in na tashi daga aiki zan mayar da basilla sai na gan ta, in rufe gwangwanin da ƙarfi, in ce, "Inna, kin gani, yau ma ban hwaɗi ba."